Allon Garejin Orval

Galan goma na ruwa. Bargo uku. Igiyar jan mota, shebur, jak, famfon taya. Akwatin magani. Fulas ɗin gahawa da Verna ta dage sai an cika. Littafin tafiye-tafiyen mahaifina, a kan cinyata, duk da ni ke tuƙi.

Mun bar kwalta da ƙarfe goma na safiyar Juma'a. Orval Stuckey, maƙwabcina, tun Laraba da ƙarfe huɗu ya kamata ya dawo gida.

A bakin ƙofar ƙarfe ta shingen shanu Verna ta ce in tsaya a rage wa tayoyi iska. Ƙanwar Orval ce, shekararta saba'in da ɗaya, a-kori-kurar da muke ciki ma tata ce. Na ce mata babu lokaci.

"Kwana biyu kina da lokaci," in ji ta. "Minti goma ba za su ƙara masa komai ba. In muka kafe a yashi, mu uku za a nema."

Na sauka. Ta tsuguna a tayar gaba, ni a ta baya, iska tana fita da tsaki. Ba ta duba ma'auni ba, da babban yatsa take danna gefen tayar. A nan na ga sawunsa. Kowa a garinmu ya san sawun motar Orval, don tayar gaba ta dama zanenta daban ne da sauran ukun. Sawu ɗaya ne, ya shiga. Babu na fitowa.

Mun sami ƙofar a rufe, muka wuce, muka rufe ta yadda muka same ta. Na mayar da ma'aunin mil zuwa sifili, na buɗe littafin.

Motar Orval jif ce ta 1976. Alfadara yake kiranta. Ya saye ta kafin a haife ni, kuma tun da ya bar aikin gyaran injuna a mahaƙar ma'adinai ba shi da wata hidima sai ita. Ba ya zuwa coci da ita, ba ya zuwa kanti. Tana gareji yana kwance ta yana ɗaurawa, sau biyu a wata ya fita da ita duwatsu ya ga abin da zai karye. Sau biyu ya ƙara mata tsayi, ya sa manyan tayoyi, har kujerar direba ta kai masa ƙirji. Ya cire matakalar gefe don tana kama duwatsu. In zai hau, yakan kama wata igiyar fata da ya ɗaura a sama, ya taka taya, ya jefa kansa ciki. Verna ta taɓa kawo masa ɗan benci a ranar haihuwarsa ta saba'in da biyar. Ya gode mata, ya ɗora gwangwanayen fenti a kai.

Shi da mahaifina suna da allo. Baƙin allo ne irin na makaranta, a kafe a jikin garejin Orval ta waje, daidai saitin tagar kicin ɗinmu. Duk wanda zai fita cikinsu zai rubuta abu uku da alli: inda za shi, hanyar da zai bi, da lokacin da za a fara nemansa. In lokacin ya yi ba a goge rubutun ba, wanda ke gida ba ya buga waya, ba ya jiran gari ya waye. Mota yake shiga. A cikin shekara talatin sun yi wa juna haka sau bakwai, kuma kowannensu yana da nasa lissafin wanda ya fi ceton wani.

Na tafi birnin Glasgow, can ƙetaren teku, ina da shekara goma sha tara, na karanta ruwan ƙarƙashin ƙasa, na zauna shekara goma sha ɗaya. Na dawo binne mahaifina, hukumar ruwa ta ba ni aikin auna rijiyoyi, sai na zauna a gidan. Mako guda bayan binnewa Orval ya tsaya a bakin shinge da alli a hannu.

"Farfesa," ya ce, haka yake kirana tun da na dawo, "tagar nan taki ce yanzu. Kin san aikinta."

Na ce na sani, Kawu, amma akwai abin da ya fi allo. Na saya masa wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, mai magana da tauraron ɗan'adam. Duk inda take, ɗigo shuɗi zai nuna a taswirar wayata. Tana da maɓallin neman agaji. Ya jujjuya ta, ya tambaye ni ko tana jan mota daga rami. Ya karɓa dai. Sau uku batirinta yana mutuwa a aljihunsa, sau uku ina yi masa faɗa cewa ya riƙa sa ta a caji kafin tafiya. A karo na uku ya cire hula ya ce ya ji, ranki ya daɗe.

Akwai wata shukar fure da mahaifiyata ta dasa a gindin tagar kicin. Mahaifina yakan datse ta duk bazara, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Bazara biyu ban taɓa ta ba. Ta rufe rabin tagar, ta rufe allon gaba ɗaya.

Ranar Talata na fita aiki da sassafe, ban ga fitarsa ba. Laraba da yamma na duba waya. Ɗigon yana cikin garejinsa. Ba a tsaye yake ba, yana ɗan motsi: ya je bango, ya dawo tsakiya, ya zagaya, ya daɗe a wuri ɗaya, kamar mutum yana kewaya mota yana aiki. Rediyonsa na kunne, ina jin waƙoƙin ta cikin ƙofa. Alhamis ma haka. Har na ce a raina tsohon nan ba ya gajiya.

Na san cewa rufin kwano yana rikita irin wannan na'ura, ɗigo ya riƙa yawo alhali tana wuri ɗaya. Na koyar da wannan ga ɗalibai. Ban tuna ba.

Juma'a da ƙarfe takwas Verna ta buga mini ƙofa. Ta ce bai zo cin abincin Alhamis ba, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka cire masa haƙora. Muka ɗaga ƙofar garejin. Babu mota. Tabon baƙin mai a ƙasa, rediyo yana ta yi, na'urar a kan teburin aiki da wayar caji a jikinta, fitilarta koriya. Ya sa ta a caji kamar yadda na ce.

Muka zagaya wajen allo. Rubutunsa ne, manyan baƙaƙe: ƘONANNEN WAKE. TA AREWA. LARABA 4.

Verna ba ta san wurin ba. Na kira ofishin 'yan sandan gunduma, jami'in ya duba taswirorinsa ya ce babu wuri mai wannan suna, arewa kuwa faɗinta ya fi mil ɗari. Ya ce zai tara mutane. Na shiga ɗakin mahaifina na sauke kwalin da ban buɗe ba tun rasuwarsa. A littafi na huɗu na samu, shekarar 1989: "Mun kwana a wani ɗan fili bayan hawa. O. ya ƙona wake ya ce ni ne." A ƙasa ya jera mil da alamu. Na karanta wa jami'in su ta waya, muka fito ba mu jira shi ba.

Verna ce ta karɓi littafin daga cinyata bayan ƙofar shinge, ta riƙa karantawa da ƙarfi. Muryarta ce, amma maganar ta mahaifina ce, gajera, babu don Allah.

"Shida da biyu, busasshen rafi. Kada a bi hagu ko da ta fi kyau."

Ma'auni ya nuna mil shida da ɗigo biyu, ga rafin, ga hanyar hagu shimfiɗe kamar an share ta. Sawun Orval ya bi dama. Na bi shi.

"Tara da takwas, tsohuwar tukunyar inji. A bar ta a hannun dama."

Tana nan, ta yi ja da tsatsa, harsasai sun huda ta. Shekara talatin da wani abu, babu abin da ya gusa. Babu tsuntsu, babu saniya, iska ma ta kwanta. Na tsayar da mota sau ɗaya na kashe inji na danna ham, muka saurara. Ƙarar ta je jikin dutse ta dawo mana. Bayanta babu komai.

Verna ta ce tun suna yara haka yake, in ya ɓuya ba ya amsawa sai an same shi. Ta faɗi haka tana kallon gaba.

"Sha huɗu da ɗaya, hawa. Ƙaramar giya. Kada a tsaya a tsaka."

Ban tsaya ba. Motar ta yi ta jifa da duwatsu, gabanta ya ɗaga har ba na ganin komai sai sama, sannan ya sauka. Ga filin, bai fi filin ƙwallo ba. Ga Alfadara a tsakiya, fuskarta tana kallon hanyar gida, ƙofar direba a buɗe.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da tayar gaba, yana fuskantar bakin hawan da muka fito. Hularsa na kansa. Ya lulluɓe ƙafafunsa da tamfol ɗin da yake shimfiɗawa in zai shiga ƙarƙashin mota. Daga nesa na ɗauka zai ɗaga hannu.

Verna ta ce in kashe injin. Ta sauka a hankali, ta je ta tsaya a kansa.

"Tsohon banza," in ji ta. Ta tsuguna ta gyara masa wuyan riga.

Na taɓa wuyansa don a ce na taɓa. Ya yi sanyi kamar ƙarfen motar.

Komai a shirye yake. Sifanoni a jere a kan tsumma, daga ƙarami zuwa babba, an goge su. Akwatin girki a buɗe kusa da hannunsa, ƙaramin risho, jarkar ruwa da saura rabi. Kofuna biyu a kan wani faffaɗan dutse. Ɗaya babu komai. Ɗayan a cike da gahawa, ƙura ta kwanta a samanta, an juya mariƙinsa wajen hanya.

Kayan kwanansa suna kan rufin motar, a naɗe, a ɗaure tamau. Rigar sanyinsa tana rataye a bayan kujera. Makulli yana jikin motar. A ƙarƙashin ƙofar direba ƙasa a tone take kamar inda kare ya yi haƙa, kuma a gefen kujerar akwai shatin hannu na baƙin mai, da yawa, wani kan wani, duk a tsayi ɗaya. Igiyar fatar tana lilo a sama da su, tazarar ba ta fi kamu biyu ba.

Littafin motar yana kan cinyarsa a ƙarƙashin tamfol, fensir a tsakiya. A nan yake rubuta duk abin da ya yi mata tun ranar da ya saye ta. Verna ta ce idonta ba zai iya rubutun fensir ba, in karanta.

Laraba 11:20. Haɗin farfelar da ke juya tayoyin baya ya ci. Na cire ta. Za ta kai gida da tayoyin gaba.

11:50. Na zame ina ɗora farfelar a baya. Ƙashin ƙugu. Ba na iya hawa.

4:00. Lokacin allo.

4:20. Farfesa ta gani yanzu. Awa uku, in ta tuna ta rage iska.

7:15. Na dafa gahawa.

Alhamis da safe. Sanyi sosai jiya. Na rubuta sunan da Domingo kaɗai ya sani. Tana can tana nema a taswira. Wautata ce.

Domingo mahaifina ne. Na tsaya. Verna ta ce in ci gaba.

Alhamis da rana. Na ji inji a hawa, sau biyu. Babu kowa.

Yamma. Domingo ya zauna can wajen dutse na ɗan lokaci. Har yanzu maganar waken yake. Na ce masa ni ne.

Rubutun ƙarshe babu lokaci, kuma baƙaƙen sun karkace sun sauka daga layi.

Farfelar tana bayan kujera. Sabon haɗi yana gareji, kanta ta biyu, cikin shuɗin kwali. Kada a bar ta zaune ya wuce mako biyu. A sa mata matakala.

Verna ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta ce shekara biyar tana faɗa masa, sai da ya bari ba za ta iya ce masa ai na faɗa maka ba. Daga nan ta ɗauko bargo ɗaya daga cikin ukun ta rufe shi har fuska. Muka zauna a kan dutse. Na kalli wurin da ya ce mahaifina ya zauna. Dutse ne kawai, mai faɗi, daidai zaman mutum.

Jami'in ya iso da ƙarfe uku da mutum biyu. Ya zagaya motar, ya ɗauki hotuna, ya karanta littafin a tsaye. Mutumin kirki ne, ya san mahaifina. Ya zo kusa da ni da takardarsa, ya sassauta murya, ya kira sunana.

"To, Maite, abin a fili yake. Kin ga allon ranar Laraba, ba ki gane sunan wurin ba. Haka zan rubuta ko?"

Orval ya riga ya rubuta mini wannan da hannunsa. In na gyaɗa kai, garin duka zai ce tsoho ya yi ganganci, yarinya ta yi iya ƙoƙarinta. Verna tana zaune tana kallon takalmanta.

"Ban duba allon ba," na ce. "Sai yau da safe. Littafin da ke da sunan yana gidana, cikin minti ashirin na same shi."

Ya riƙe biron bai rubuta ba. Na ce ya rubuta. Likita daga baya ya ce daren Alhamis ne, wajen asuba, sanyi ne ya ƙarasa shi. Da na fito Laraba da ƙarfe huɗu da rabi, da na same shi gahawar ba ta huce ba.

Su suka tafi da shi. Verna ta tuƙa motarta. Ni na tattara sifanonin yadda ya jera su, na zubar da gahawar, na kama igiyar fatar na taka taya. Sai a karo na biyu na iya hawa. Injin ya tashi a murɗa ɗaya. Alfadara ta kai ni gida da tayoyin gaba kamar yadda ya ce, tana ɗan ja zuwa dama, kuma duk tsawon hanyar sawunta na fitowa yana kwanciya a kan na shiga.

An binne shi ranar Talata. Mutanen ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motocin daji sun zo a jere, motoci goma sha huɗu, kowace da ƙurarta. Wasu sun gaishe ni, wasu sun duba tayoyin motata sun wuce.

Ranar Laraba na ɗauki zarto na sare shukar mahaifiyata daga gindi. Kicin ɗin ya cika da haske. Allon yana nan, rubutun yana nan, babu wanda ya goge.

Verna ta zo da yamma da makullan garejin. Ta ce wani mutum daga birnin Reno ya kira sau biyu, yana son motar, zai zo da tirela ya ɗauka, ya ce a gilashi zai ajiye ta ba za ta sake taka ƙasa ba. Ta ce ita ba ta da ƙafar taka kulocin mota, kuma ba ta son ganin motar tana ruɓewa.

Muka shiga garejin. Alfadara tana kan tabon manta. Rediyo yana kunne tun wancan makon, babu wadda ta taɓa shi a cikinmu. Na duba kanta ta biyu, ga shuɗin kwalin, ga sabon haɗin a cikin takardar maiƙo. Na'urar tana kan tebur, fitilarta koriya. Na fito da waya. Ɗigon ya tashi daga tebur, ya bi gefen motar a hankali, ya tsaya a wajen ƙofar direba. Ya daɗe a nan. Sannan ya zagaya baya.

Verna ta leƙa ta kafaɗata ta kalla har ya kammala zagaye ɗaya.

"Rufin kwano ne," na ce.

"Ban tambaye ki ba," in ji ta.

Ta sauke gwangwanayen fenti daga kan ɗan bencin, ta ja shi da ƙafa zuwa gindin ƙofar direba. Ta ce gidanta bai fi tafiyar minti shida ba, kuma likita ya ce ta riƙa takawa kullum da ƙarfe huɗu. Ta ce in zan rubuta a allon, in rubuta sunan da mai rai zai gane.

Na fita na goge allon da hannun rigata. Alli yana cikin gwangwani a ƙasa, guntaye uku. Na bar rediyon, na bar na'urar a caji. Verna ta fito, na kama igiyar ƙofar garejin na ja har ta taɓa siminti, na sa kwaɗo.

"Ki ce wa mutumin Reno kada ya zo," na ce. "Asabar zan ɗaura farfelar."